Emasi a gidana: daga wajen uwa take zuwa ko daga wajen uba?

Magini_Birni:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin in rubuto. Ƴaƴana uku ne. Biyu na farko lafiyarsu lau. Ƙaramin kuwa, watansa 11 yanzu, tun yana wata 7 hannuwansa da ƙafafunsa ke kumbura, ya kwana yana kuka, ko yatsansa ka taɓa sai ya ƙwalla ƙara. Mun yi na gida har mun gaji. Makon jiya aka ɗebi jininsa, likita ya ce emasi ce, wato ciwon sikila, SS. Ni shekarata 38, aikin gini nake cikin rana tun safe har la'asar, ban taɓa kwana a gadon asibiti ba. Maiɗakina ma haka. To tun da sakamakon ya fito, Inna ta ce ta dangin matata abin ya biyo, wai akwai gwaggonta a Mirya da ta yi wabi, ƴaƴa huɗu ta binne. Yau kwana uku matata ba ta sa wani abin kirki a cikinta ba. Don Allah masu sani, ciwon nan daga wajen uwa yake zuwa ko daga wajen uba? In kuma gado ne, me ya sa yayyensa ba su da shi?

Hajiya_SabonGari:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. Kafin komai ka lallashi yarinyar nan ta ci abinci, mai shayarwa ce fa.

Majo_Magarya:
Sannu Malam. Daga wajenku ku biyu ne. Yaro ba ya zama SS sai ya karɓi S ɗaya daga uwa, S ɗaya daga uba. Da uwa kaɗai ke da ita, iyakarsa ya zama AS, kuma mai AS ba ya irin wannan kumburi.

Ƙwayar gadon da jiki ke bi wajen ƙera emoglobin, sinadarin da ke ɗaukar iska cikin jini, guda biyu ce a jikin kowa, ɗaya ta uwa ɗaya ta uba. Lafiyayyar ita ce A, mai tangarɗar ita ce S. Mai AS, A ɗin nan guda ta ishe shi rayuwa, shi ya sa kake saɓar buhun siminti ba ka san kana ɗauke da komai ba. Mai SS ba shi da A da za ta rufa masa asiri. In iska ta ragu a jininsa sai jajayen ƙwayoyin su lanƙwashe kamar lauje, su yi tauri, su toshe ƙananan jijiyoyi, ciwo ya taso. Jan ƙwayar jinin mai lafiya tana kai kwana 120, tasa kuwa kwana 10 zuwa 20 ta mutu. Dalilin ke nan da kullum jininsu a ƙasa yake.

Abin da ya sa bai fara ba sai a wata 7: jariri na zuwa duniya da wani emoglobin na zaman ciki, wanda ba ya lanƙwashewa. Wajen wata 6 yake janyewa, sai na asali ya karɓi aiki.

Ɗan_Kasuwar_Dole:
Allah ya ƙara sauƙi. Ni dai alhamdu lillahi O+ ne a katina, an ce mai O ba ya haifar mai emasi.

Labo_Zango:
@Ɗan_Kasuwar_Dole wanda ya faɗa maka haka bai kyauta maka ba. O, A, B da AB rukunin jini ne, wanda ake dubawa in za a ƙara wa mutum jini. AA, AS, SS maganar emoglobin ce, hanyarsu ma ba ɗaya ba ce. A labo, ɗakin gwajin jini, nake aiki, masu O+ da suka fito AS ba su ƙirguwa.

Malam Magini, abu biyu zan ƙara. Na farko, gwaji iri biyu ne. Gwajin Emmel, mai arahar nan, iyakarsa ya ce akwai S a jinin mutum, ba ya raba AS da SS. Wanda ke rabawa shi ne elektroforez. Shi za ku nema, kai da madam da yaran biyu. Kuma kada a yi shi jim kaɗan bayan ƙarin jini, don jinin wani zai ruɗa sakamakon.

Na biyu, kuma ina roƙo ka riƙe shi da kyau: in naka ya fito AA, kada ka bari wani ya ce maka uffan a kan matarka. Akwai wata tangarɗar da ake kira talasemi, wadda in ta haɗu da S yaro kan yi kama da SS sak, alhali takardar uban tana nuna kamar AA. Akwai kuma kuskuren aiki. Sake gwaji ake yi, ba zargi ba. Akwai C ma, wadda ta fi yawa wajen Burkina da arewacin Gana, in ta haɗu da S ita ma ciwo ce.

Uwar_Huɗu:
Ɗan'uwana, ni abin da ka tambaya na biyu zan amsa, don a jikina na karanta shi. Ni da maigidana duka AS ne. An ce mana ɗaya cikin huɗu, sai na ɗauka layi ne, in ɗaya ya fito da ita to uku masu zuwa sun kuɓuta. Ashe ba haka ba ne. Kowane ciki sabon lissafi ne: kashi 25 cikin ɗari SS, 50 AS, 25 AA. Nawa huɗu, ta farko SS, na biyu SS, sauran AS da AA. Maƙwabciyata kuwa su ma duka AS ne, ƴaƴa shida, babu SS ko ɗaya. Yayyen yaronka sa'a suka yi, amma a gwada su, ƙila suna ɗauke da guda.

Maganar surukuwa kuwa, na sha ta. Shekara uku ana ce mini mai mugun nono, har aka sa na yaye ta farko tana wata 10. Ban yafe wa kaina yarda da na yi ba. Kada ka bari a raba yaron nan da nonon uwarsa.

Tela_Kance:
Gaskiyar da ba a so a ji ita ce auren zumunci ne ya jawo mana wannan. Ɗan wa da ƴar ƙane, jini ɗaya yana ta juyawa wuri ɗaya. A daina a gani in ba ta ɓace ba.

Magini_Birni:
@Tela_Kance ni da ita ba mu haɗa komai ba. Ni Babarbare ne ta wajen uba, ita Bahaushiyar Mirya ce.

Mushe_SVT:
Malam Tela, kana da gaskiya rabi. Ƴaƴan wa da ƙane sukan haɗa kashi 1 cikin 8 na ƙwayoyin gadonsu, saboda haka in S na cikin gidan, haɗuwar ta fi sauƙi. Amma a ƙasarmu ba sai ta jira zumunci ba. A wannan yanki namu da arewacin Najeriya wajen mutum 1 cikin kowane 4 ko 5 AS ne. Mu ɗauki 1 cikin 4. Cikin aure 16 na bare da bare, 1 zai faɗa AS da AS. Cikin haihuwa 64, 1 zai zo SS. Ko a yau aka hana auren zumunci daga Tanut har Magarya, lissafin nan na nan.

Tambayar da nake so ɗalibaina su yi ita ce: abin da ke kashe yara tun suna ƙanana, kafin su girma su haifa, yaya aka yi bai ƙare ba? Ai kamata ya yi ya bi su kabari. Amsar tana wajen sauro. A 1954 wani likita mai suna Anthony Allison, wanda ya tashi a Kenya, ya nuna cewa S ta yi yawa a bakin teku da kewayen tabkin Biktoriya inda masassarar cizon sauro ta yi katutu, ta kuma yi ƙaranci a kan tuddai masu sanyi inda babu ita. Binciken da ya biyo baya ya nuna yaro mai AS yana samun kariyar da ta kai kusan kashi 90 cikin ɗari daga palu, wato masassarar cizon sauron, mai tsanani, irin mai suma da jijjiga. Yana kamuwa, amma ba kasafai take kai shi ƙasa ba.

To ku duba ƙauye guda a zamanin da babu kinin babu sange, wato gidan sauro. Masu AA, damina na ɗibarsu. Masu SS, emasi na ɗibarsu. Masu AS su suka fi tsallakewa su girma su haifa, kuma rabin ƴaƴansu na karɓar S. Shekaru dubbai sauro na wannan tankaɗe da rairaya. Abin da ya faru ke nan har ta yi yawa a nan, da tsakiyar Indiya, da gabashin Saudiyya, da wasu sassan Girka, duk wuraren da suka sha palu. Harafi ɗaya tak ya sauya cikin ADN, wato rubutun gado da ke cikin ƙwayoyin jiki, a ƙunshinsa na 11 da ake kira kuromozom. Malam Magini, S ɗin da ke gidanka ita ce ta raya kakanninka da na matarka.

Abu_Sumayya:
Mushe, da girmamawa, na gane inda ka dosa. Wannan tankaɗe da rairayar ai karatun Darwin ne aka sa wa rigar Hausa. Daga nan sai a ce mana daga biri muka fito. Bawan Allah ya zo da jarrabawar da Allah ya ɗora masa, a bar shi da haƙuri da addu'a, kada a cusa masa abin da zai taɓa imaninsa.

Malam_Garin_Malam:
Abu Sumayya, Allah ya saka da kishin addini, amma mu bi a hankali. Maganar gado mai ɓuya ya tsallake iyaye ya fito a jika, ba baƙuwa ba ce a wajenmu. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wani mutum ya zo wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yana cewa matarsa ta haifi yaro baƙi, yana nufin zargi. Aka tambaye shi ko yana da raƙuma, ya ce e. Wane launi? Ya ce jajaye. Akwai mai ruwan toka a cikinsu? Ya ce akwai. To daga ina ya samo? Ya ce wataƙila wata jijiya ce ta asali ta fizgo shi. Sai aka ce masa, ɗanka ma wataƙila jijiya ce ta fizgo shi. Mutumin ya zo da zargin mace, aka mayar da shi ga garkensa ya yi tunani.

Malam Magini, ka kai wa mahaifiyarka wannan hadisi cikin ladabi, ba a gaban matarka ba. Jarrabawa ce, haka ne, kuma neman magani da sanin sababi ba su kore tawakkali. Abin da ba ya halatta shi ne a ɗora wa baiwar Allah laifin abin da ba ita ta zaɓa ba. Maganar asalin ɗan Adam kuwa, ni a kan Annabi Adamu nake, alaihis salam, ban gusa ba.

Mushe_SVT:
Na gode Malam. Abu Sumayya, abin da na kawo kana iya ganinsa da idonka. Nivaquine da iyayenmu suka sha ta yi aiki shekara da shekaru, yau an daina ba da ita don palu, domin ƙwayoyin cutar da suka jure mata su suka rage suka hayayyafa. Manomin da ke ware manyan zangarniyoyi ya ajiye iri, shi ma tankaɗen yake yi da hannunsa.

Gyara ɗaya kuma: masana wannan fanni ba su ce biri ya haifi mutum ba. Abin da suka ce shi ne mutum da birin shimfanze sun haɗa kaka wajen shekara miliyan 6 zuwa 7 da suka wuce, hujjarsu ƙasusuwa da ADN. Haka nake koyar da shi a aji, don haka yake a fannin, kuma ina ganin hujjar tana da ƙarfi. In za a ƙi magana, a ƙi ta yadda masu ita suka faɗe ta.

Abu_Sumayya:
Na Nivaquine da na gero na yarda, ƙwayar cuta ba ta tashi daga ƙwayar cuta ba, gero bai zama dawa ba. Na miliyan 7 ɗin ne ban karɓa ba, kuma ba zan karɓa ba.

Ɗalibar_Jami'a:
Ina neman izini in sa baki, ƙaramarku ce. Akwai abin da ya shafi ƙasarmu kai tsaye. A 2018 masana biyu a Amurka, Daniel Shriner da Charles Rotimi, wanda haifaffen Najeriya ne, sun duba ADN na mutum kusan 3,000, suka ce duk S ɗin duniya daga mutum ɗaya ta taso, wajen shekara 7,300 da suka wuce. Wasu masanan sun ce ta girmi haka nesa, ana kan muhawara. Amma lokacin da su biyun suka ambata, Sahara kore ce shar, da tabkuna da ciyawa.

Shaidar tana nan cikin Tenere, a Gobero, jihar Agadas. A shekarar 2000 ayarin Paul Sereno na jami'ar Shikago suna neman ƙasusuwan dinozor suka ci karo da maƙabarta mai kaburbura wajen 200 a bakin wani tsohon tabki. Akwai ƙashin dorina, da kada, da giwan ruwa, da masun kamun kifi na ƙashi, a inda yau ko tsuntsu sai ya yi guzuri. Al'umma biyu suka zauna wurin. Na farko, wajen shekara 10,000 zuwa 8,000 da suka wuce, dogaye ne ƙarfafa, wasu sun kusa mita 2. Fari ya kore su. Bayan kamar shekara 1,000 ruwa ya dawo, wasu suka zo, sirara marasa tsayin na farko. A cikin na biyun aka sami wata mace da yara biyu an binne su suna rungume da juna, kuma an ga alamar furanni aka shimfiɗa musu. Ranar da malaminmu ya nuna mana hoton, ajin ya yi tsit.

Ba wanda ya ce mutanen Gobero na da S, kada a ɗauka haka na ce. Nufina shi ne inda ruwa ya kwanta da mutane a gefensa, sauro ma na nan, kuma abin ya riga Hausa da Barebari da duk sunan da muke kiran kanmu da shi yau. Yaya za a ce laifin wani gida ne a Mirya?

Ɗan_Tasker:
Tun da an zo ƙasarmu ta rairayi bari in ce wani abu. Tsohon ƙoƙon kan da wasu masana ke cewa na dangin kakannin mutum ne, Tumai, a hamadar Jurab ta arewacin Cadi aka same shi a 2001. Wanda ya tsinto shi ɗan Cadi ne, Ahounta Djimdoumalbaye, cikin ayarin Michel Brunet na Faransa. Sunan da harshenmu na Dazaga ne, ma'anarsa fatan rayuwa. An ƙiyasta masa shekara miliyan 7. Ƙwaƙwalwarsa ba ta wuce ta shimfanze ba, amma ramin da laka ke bi a gindin ƙoƙon ya matso gaba, shi ya sa suka ce da ƙafa biyu yake tafiya. Wasu masanan har yau ba su yarda ba. Ni makiyayi ne, ba ni da ta cewa a rigimar Mushe da Abu Sumayya. Abin da na sani, in iska ta kwashe rairayi a wajenmu mukan ga ƙashin kifi da duwatsun niƙa, kuma na taɓa su da hannuna.

Bafillacen_Tanut:
Mushe, tambaya a gefe. Mu muna shan madara ɗanya daga hantsa, kwarya guda, ba abin da ke faruwa. Abokina Bahaushe in ya sha kofi ɗaya sai cikinsa ya yi ta ƙugi har zawo. Amma fura da nono ba ta taɓa shi. Shi ma gadon ne ko sabo?

Mushe_SVT:
Gado ne mafi yawa. Jariri na da sinadarin da ke narkar da sukarin madara, ana kiransa laktaz. A wajen kusan kashi biyu cikin uku na mutanen duniya yana raguwa bayan yaye. Al'ummomin da suka daɗe da kiwo ne aka samu da yawansu ba ya kashewa, domin a shekarar yunwa mai iya shan madara shi ke kai labari. Abin mamaki, sauyin da ke jikin Fulani da yawa iri ɗaya ne da na Turawan arewa, na Masai da maƙwabtansu a gabashin Afirka kuwa daban ne, nasu suka samu. Nono da kindirmo da cuku sukarin ya ragu a cikinsu, shi ya sa abokinka ke shan fura lafiya.

Hajiya_SabonGari:
To zabiya fa? Jikata zabiya ce, uwa baƙa uba baƙi, an ce wai aljani ne ya shafi cikin.

Majo_Magarya:
Hajiya, babu aljani. Hanyar ɗaya ce da ta emasi: uwa na ɗauke da guda a ɓoye, uba na ɗauke da guda, suka haɗu a kanta, fatarta ba ta yin sinadarin baƙi da ke tare rana. A sa mata malafa da riga mai dogon hannu, a duba idonta, a zaunar da ita gaban aji. Duk gyambon da ya ƙi warkewa a fatarta a kai asibiti da wuri.

Ɗan_Kasuwar_Dole:
Jama'a an bar mai tambaya a tsaye, an tafi Cadi an dawo Tanut. Ni dai na ji gyaran Labo, zan je a duba ni.

Magini_Birni:
Ina nan, duk na karanta, wasu sau biyu. Mun je mu huɗu. Ni AS, ita AS, babbar AA, mai bi mata AS. Da na riƙe takardata sai da na nemi wuri na zauna. Na nuna wa matata, ta yi kuka, daga baya ta ci tuwo. Allah ya saka muku. Yanzu abin da ke hana ni barci: shekarunta 27. Mu ci gaba da haihuwa ko mu tsaya?

Tela_Kance:
Ku tsaya. Uku ma arziki ne. Wanda ya ga wahalar yaro ɗaya ba ya neman na biyu.

Abu_Sumayya:
Haihuwa ta Allah ce. Kashi 75 cikin ɗari fa lafiya ne, ko ba haka Uwar_Huɗu ta lissafa ba?

Uwar_Huɗu:
Malam Abu Sumayya, 75 ɗin gaskiya ne, amma ni na faɗa cikin 25 sau biyu a jere, kuma ni ke kwana zaune a asibiti. Ban ce su tsaya ba, ban ce su ci gaba ba. Na ce a tambayi matar, ita ma a ji ta bakinta.

Ƴar_Hunturu:
Tun farko nake karantawa ban yi magana ba. Ni ce 1 cikin 4 ɗin da kuke lissafi. SS ce ni, shekarata 29, ina koyarwa a firamare, ina da aure da ƴaƴa biyu. Mijina AA ne, saboda haka ƴaƴana duka AS ne, babu mai ciwo, kuma tun kafin a sa rana muka san haka zai kasance.

Ba zan ɓoye ba, ciwon nan in ya taso kamar ana sara ƙashi da gatari ne. Hunturu ne babban abokin gabana, sai gajiya da ƙishirwa. An ƙara mini jini sau da dama. Amma abin da ya fi ciwon zafi shi ne yadda aka riƙa magana a kaina ina ji, wai kada a kashe kuɗin makaranta a kan wadda ba za ta kai 20 ba. Babana ne ya toshe kunnensa. Kullum da buta ta ruwa a jakata, ina shan asid folik, kuma tun da likita ya ɗora ni a kan hidroksiyuriya tashin ciwon ya ragu sosai.

Yaya Magini, shawarar haihuwa taku ce ku biyu. Roƙona ɗaya ne: yaron da ke hannunku kada ya taɓa jin an kira shi wahala. Ku sa shi makaranta kamar yayyensa. Ina goyon bayan gwaji kafin aure ɗari bisa ɗari, don na san abin da nake faɗa, amma mu da muka riga muka zo, mun zo.

Hajiya_SabonGari:
Allah ya yi miki albarka ƴata, ya ƙara lafiya.

Ɗan_Kano_Road:
A Kano tun 2024 doka ce, ba a ɗaura aure sai da takardar gwaji, har da na emasi. Ina ganin mu ma limamanmu su fara tambaya.

Uwar_Huɗu:
A fara tun yara na makaranta dai. In sai an kai lefe sannan a gwada, ba mai iya janyewa, sai a nemi takardar ƙarya. Kuma in aka fasa, yarinyar ake yi wa tambari, saurayin ya je ya auri wata ba wanda ya tambaye shi.

Majo_Magarya:
Malam Magini, ga na yau da gobe. Ya kwana cikin sange kullum. Maganin rigakafin palu da ake rabawa yara gida gida da damina, kada ya wuce shi, domin kariyar da Mushe ya faɗa ta mai AS ce, ga mai SS palu mugun abu ne. Alluran rigakafi duka. Ka tambayi likita maganar penisilin da asid folik. Ruwa da nono a kai a kai, wanka da ruwan ɗumi, a rufe shi da hunturu. Zazzaɓi ko da tsakar dare ne, asibiti. Ka ce a koya wa uwar taɓa saifarsa, in cikin ya kumbura ta hagu ya yi fari fat, gudu za ku yi. Kada a kai shi wajen wanzami a tsaga kumburin, kada kuma a saya masa maganin ƙarin jini mai ƙarfe ba da izinin likita ba. A Yamai akwai cibiyar ƙasa ta masu emasi, in hali ya yi.

Magini_Birni:
Na rubuta duka a takarda. Ƙanwata Ƴar_Hunturu, na karanta wa matata saƙonki. Malam, na kai wa Inna hadisin raƙuma bayan isha'i. Ta saurara har ƙarshe, ta yi salati, amma ta ce ita dai a danginta ba a taɓa yi ba. Ban ce komai ba. Sai da na kwanta na tuna S ɗin da ke jikina daga ita ne ko daga marigayi Baba, babu na uku. Ban faɗa mata ba.

Malam_Garin_Malam:
Kada ka faɗa mata don ka ci gardama. Uwa ce.

Labo_Zango:
Na yarda da Malam a kan Inna, amma ƴan uwanka da kuke ciki ɗaya fa dole su ji. Kowannensu na iya zama AS. Akwai wanda bai yi aure ba a cikinsu?

Magini_Birni:
Akwai autarmu. An sa bikinta bayan babbar salla, da ɗan kawunmu. Kwana nawa elektroforez ɗin ke ɗauka in na kai su su biyu?

Labo_Zango:
Ya danganta da wurin, amma kwanaki ne, ba ya kai wa salla. Ba sai sun ƙi cin abinci kafin gwajin ba. Ka fara yi wa kawun magana kafin yaron.